Layin da aka mayar haja: abin da manhajar waya ta yi wa wuraren shaƙatawa na Disney

Daga Oktoban 2021 zuwa Yulin 2024, duk magidancin da ya kai iyalinsa Walt Disney World, makeken wurin shaƙatawar nan da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, ya san ƙarfe bakwai na safe ba lokacin barci ba ne. Bakwai na bugawa manhajar kamfanin ke buɗe damar kama gurbin hawa lilo da jiragen wasa. Wanda ya yi nawa, sai ya tarar guraben abin da yara suka fi ɗoki sun koma can yamma lis, ko ma sun ƙare. Mutum ya biya kuɗin jirgi, ya biya masauki, ya biya tikitin shiga, amma ranar hutunsa ta soma yana bakin gado, ido a kan waya, yana rige-rige da dubban iyaye irinsa.

Ba na cikin masu cewa waya ce ta ɓata komai. Manhajar tana da amfani na gaske. Tana nuna taswirar wurin, tana faɗin tsawon jira a kowane abin hawa, mutum na iya sayen abinci da ita ya je ya karɓa ba tare da cunkoso ba, har ƙofar ɗakin otal tana buɗewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikin da aka ɗora mata daga baya: an mayar da ita kantin sayar da wuri a layi. Wurin da aka sayar wa wani kuwa, daga hannun wani aka karɓe shi.

Sai an waiwayi baya za a ga nisan tafiyar. Lokacin da aka buɗe Disneyland a Anaheim ta jihar Kalifoniya, ranar 17 ga Yulin 1955, kuɗin shiga dala ɗaya ne, sannan kowane abin hawa da nasa tikitin. An kasa tikitocin bisa haruffa, daga A na ƙananan abubuwa har zuwa E, wanda aka ƙara a 1959 domin manyan jiragen wasa. A 1982 aka soke wannan tsari, aka koma kuɗi ɗaya a bakin ƙofa: ka biya, ka shiga, ka hau abin da ranka yake so. Daga nan layi ya zama shi kaɗai ne alƙali. Ɗan attajiri da ɗan direban tasi, idan har sun ƙetare ƙofar, ƙafafunsu ne za su biya sauran.

A 1999 kamfanin ya fito da FastPass. Kana zura tikitinka a wata na'ura, ta ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo, ka je ka zaga, in lokacin ya yi ka shiga ta gajeren layi. Kyauta ne, kowa yana da dama. A 2013 aka fara mayar da shi waya a Fulorida, a wani gagarumin shiri mai suna MyMagic+ da aka ruwaito ya lashe kimanin dala biliyan ɗaya, tare da abin hannu na MagicBand mai aiki da siginar rediyo. A nan ne bambanci ya soma leƙowa, domin wanda ya sauka a otal ɗin kamfanin yana kama gurbi tun saura kwana 60, sauran jama'a kuwa sai saura kwana 30. Duk da haka ba a karɓar ko sisi a kan gurbin.

Annobar korona ce ta ba da ƙofa. An rufe wuraren a Maris ɗin 2020, da aka sake buɗewa FastPass bai dawo ba. Ranar 19 ga Oktoban 2021 aka ƙaddamar da magajinsa na kuɗi mai suna Genie+ a Fulorida kan dala 15 kowane mutum a rana, a Disamba kuma ya isa Kalifoniya kan dala 20. Manyan abubuwan hawa biyu-uku da suka fi farin jini ba sa ma cikin wannan kuɗi, kowanne sai ka saye shi daban. Bayan shekara guda farashin ya daina zama wuri ɗaya, ya koma hawa da sauka bisa yawan jama'a. A Yulin 2024 aka sauya masa suna da fasali zuwa Lightning Lane Multi Pass, inda a Fulorida baƙin otal ɗin kamfanin ke kama gurbi saura kwana bakwai, sauran kuma saura kwana uku. A Oktoban wannan shekarar aka ɗora wani bene a sama, Premier Pass, tikitin shiga gajeren layi ba tare da kama lokaci ba, wanda ya fara da dala 400 kowane mutum a Disneyland, a Fulorida kuma ya kai har dala 449 a ranakun cunkoso. Uba da uwa da yara uku ke nan sai sun ajiye dala 2,000 na rana ɗaya, ban da tikitin shiga, wanda shi ma a manyan ranaku ya haura dala 200 a Disneyland.

Ga inda mutane da yawa ba sa lura. Kowane jirgin wasa yana da iyakar adadin da zai ɗauka a awa guda, manhaja ba ta ƙara masa kujera ko ɗaya. Kamar famfon unguwa ne: idan mai kula da shi ya fara karɓar kuɗi yana tura jarkokin wasu gaba, ruwan bai ƙara gudu ba, jiran waɗanda ba su biya ba ne ya ƙaru. A ce jirgi yana ɗaukar mutum 1,500 a awa. Idan layi ɗaya ne, wanda ya tarar da mutum 500 a gabansa zai jira minti 20. Idan aka ware kashi biyu cikin uku na kujerun ga masu gajeren layi, wannan mutumin zai shafe awa guda cur a tsaye, da yaro a kafaɗa, cikin zafin Fulorida. Mintunan da mai kuɗi ya saya ba daga aljihun kamfani suka fito ba. Kuma a nan ne tsarin ya fi muni: gwargwadon yadda layin talaka ya yi tsawo, gwargwadon yadda gajeren layi ke ƙara daraja. Kamfanin da ke cin riba daga tsawon layi, wane dalili ke gare shi na gajarta shi?

Za a ce ai kasuwanci ne, ba gidan marayu ba ne. Gaskiya ne. Universal, babban abokin hamayyar Disney a Orlando, ya daɗe yana sayar da nasa tikitin gajeren layi mai suna Express Pass kafin Disney ya bi sahu. Za a kuma ce tsohon FastPass ɗin ma ba adali ba ne, domin waɗanda suka laƙanci tsarin, mazauna yankin da masu tikitin shekara, su ke kwashe guraben, baƙon da ya zo daga nesa sau ɗaya a rayuwarsa ya tashi a tutar babu. Wannan hujja tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma maganin rashin sani shi ne a sauƙaƙa tsari, ba a lafta masa farashi ba. Yanzu baƙon yana buƙatar sanin da kuɗin gaba ɗaya. Tikitocin haruffa na 1955 ma sun fi wannan gaskiya, domin ka san abin da ka saya, kuma bayan ka biya, layi ɗaya za ku bi da kowa. Shi kansa Bob Iger, wanda ya dawo shugabancin Disney a Nuwamban 2022 bayan an sallami Bob Chapek, ya amsa a Maris ɗin 2023 cewa ƙwazon neman riba ya sa sun ɗan wuce gona da iri a wasu farashin. An sassauta wasu ƙananan abubuwa, kamar kuɗin ajiye mota a otal. Layin kuɗi dai yana nan, ya ma ƙara tsada.

Akwai kuma waɗanda abin ya fi shafa. Disney yana da tsari na musamman ga masu buƙata ta musamman da ba za su iya doguwar tsayuwa ba, suna karɓar lokacin dawowa kyauta. A Mayu da Yunin 2024 aka taƙaita shi, aka mayar da shi musamman ga masu larurar da ta shafi haɓakar ƙwaƙwalwa irin su galahanga, kamfanin yana cewa masu amfani da shi sun yi yawa fiye da kima. Ban yi mamaki ba. Tun da aka toshe hanyar kyauta ga kowa, dole wasu marasa tsoron Allah su bi ta ƙofar marasa lafiya. Sai dai waɗanda suka kwana a ciki su ne masu larurar jiki ta gaskiya, da aka ce su nemi wata dabara. Haɗamar wasu ce da tsarin kamfani suka haɗu, mara lafiya ya ɗauki nauyin.

Manhajar ta kuma fara shafar abin da ake ginawa da abin da ake rushewa. Sabon jirgin TRON da aka buɗe a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasan Walt Disney World, a Afrilun 2023 ya shafe fiye da shekara ba shi da layin da mutum zai taka da ƙafarsa ya shiga. A lokacin hanya biyu ce kawai: ko ka ci sa'ar kama gurbi ta waya a 'yan daƙiƙoƙin da ake buɗewa, ko ka biya. Dattijon da bai saba da waya ba, ko wanda cajinsa ya ƙare, ko baƙon da Turancin manhajar ya yi masa yawa, yana iya tsayawa yana kallon jirgin da ya biya tikiti dominsa, ba dama.

Ba sauyi nake ƙi ba. Lokacin da aka rufe Splash Mountain a 2023, tsohon jirgin ruwan da aka gina a kan wani fim na 1946 mai shafa wa rayuwar baƙaƙen fata a gonakin kudancin Amurka zuma, na ga abin ya dace. An sanar da shawarar ne a Yunin 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd, baƙar fatan nan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, aka buɗe Tiana's Bayou Adventure a gurbinsa a Yunin 2024. Wurin da ba ya sabunta kansa mutuwa yake yi. Abin da ya taɓa ni shi ne na Yulin 2025, da aka rufe kogin Rivers of America a Magic Kingdom, da tsibirin da ke tsakiyarsa, da tsohon jirgin ruwan Liberty Belle, domin gina sabon yanki na wasan motoci. Na yarda wuraren ba sa jan jama'a kamar da. Amma su ne inda kaka ke samun inuwa ta zauna, yara su yi guje-guje a kan gada da cikin kogo, babu gurbi, babu agogo, babu waya. Irin wannan wuri ba shi da abin da za a sayar a manhaja, saboda haka a littafin riba tamkar fili ne da ke zaune a banza. Ina jin tsoron cewa duk abin da ba za a iya maƙala masa gajeren layi ba, sannu a hankali zai riƙa rasa mazauni.

Abin da nake ganin ya wajaba ba mai wuya ba ne. A rubuta a bakin kowane abin hawa kashi nawa na kujerunsa aka ware wa masu biya, domin mai tikitin gama-gari ya san hajar da ya saya. A sa wa wannan kaso iyaka. Kada kuma a sake buɗe wani abin hawa da ba shi da layin ƙafa. A Satumban 2023 kamfanin ya yi alkawarin zuba kimanin dala biliyan 60 cikin shekara goma a wuraren shaƙatawarsa da jiragen ruwansa. Ma'aunin wannan kuɗi a wurina shi ne yawan kujerun da zai ƙara a kowace awa, domin ƙarin kujera ne kaɗai ke rage jira ga kowa da kowa.

Wani zai ce ina ruwanmu da layin Fulorida. Tsarin ba ya zama wuri ɗaya. Disneyland ta birnin Paris ta koma layin kuɗi tun Agustan 2021, ta Tokyo ta fara nata a 2022. A Mayun 2025 kuma aka sanar da cewa za a gina wurin Disney a tsibirin Yas na Abu Dabi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da mutanenmu ke yawan zuwa fatauci da hutu da iyali. Kamfanin Miral na can ne zai gina shi ya kuma gudanar da shi, Disney ya ba da suna da zane. Haka abin yake a Tokyo, inda kamfanin Oriental Land ke riƙe da wurin, kuma a 2023 ya dawo da gurbin kyauta ga wasu abubuwan hawa, ya tafi kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Bai gyara komai da komai ba, amma ya nuna cewa mai riƙe da wuri yana da ta cewa. Miral yana da shekaru a gabansa kafin a buɗe ƙofa, kuma tun a matakin zane ake yanke yawan kujerun da kowane jirgi zai ɗauka da faɗin hanyar da za a bar wa wanda tikitin shiga kaɗai ya iya saye. Da a ce za su saurare ni, na Tokyo zan nuna musu, ba na Fulorida ba.