Kwamfutar hannu ta shiga aji, kalangu fa?

A watan Maris na 2024 gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da shirin raba wa ɗaliban manyan makarantun sakandare kwamfutar hannu, aka yi alƙawarin guda miliyan 1.3. Tun daga lokacin, duk maganar amfaninta ba ta wuce lissafi da kimiyya ba. Darasin kiɗa da waƙa, wanda shi ma hukumar WAEC ke jarrabawa a kansa, da wuya ka ji an ambace shi, alhali a ganina yana cikin darussan da suka fi bukatarta.

Kayan kiɗa tsada gare su, kuma tun da karatun sakandare ya zama kyauta a 2017 azuzuwa suka cika maƙil. Piyano ɗaya ina zai ishi aji guda? Amma da manhajar BandLab a waya ko kwamfutar hannu yaro zai ɗauki murya, ya ɗora kiɗa a kai, ya saurara ya gyara. A ɗakin kwamfuta akwai manhajar MuseScore, kyauta ce, ɗalibi ya rubuta kiɗa ya ji shi nan take. Samarin Kumasi ma ba su jira malami ba. Da kwamfuta suka fito da salon waƙar asakaa da ya karaɗe duniya wajajen 2020.

Abin da ya fi damuna shi ne me za a zuba a cikin na'urar. Ajin kiɗa a ƙasar nan ya daɗe yana jingine da rubutun kiɗan Turai da waƙoƙin coci, shi ya sa yaron unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi yake jin ba da shi ake ba. To ga dama ta samu. A tura shi gidan biki a zango ya ɗauko kiɗan kalangu, wani ya ɗauko gogen Dagomba, wata ta ɗauko kiɗan adowa a wajen makokin Asante. Su dawo aji a rage saurin sautin, a ƙirga bugu, a gano inda makaɗi yake matse tsarkiya a hammata don ganga ta bi hawa da saukar maganar Hausa. Irin wannan aikin Farfesa J.H. Kwabena Nketia, masanin kiɗan Afirka, ya fara tun shekarun 1950 da manyan na'urori masu nauyi, kuma faifansa na nan ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon. Yau ɗan shekara goma sha shida na da abin da ya fi su a aljihu.

Sai dai na'ura na da halinta. Yawancin manhajojin nan an gina su a kan sautuka goma sha biyu na piyano da bugu mai daidaitaccen awo. Kalangu kuwa zamewa yake yi tsakanin sauti da sauti. Idan aka bar manhaja ta miƙe shi, an kashe maganar da yake yi. Malamin da ya san haka ne kawai zai iya cewa yaro ya yarda da kunnensa, saboda haka horon malamai a jami'ar ilimi ta Winneba da sauran wurare ya kamata ya riga sayen kaya.

Na san iyayenmu da yawa a zango suna ganin kiɗa aikin maroƙa ne, wasu kuma suna da uzurin addini, kuma ba na raina wannan. Amma su duba: wanda ya iya ɗaukar sauti da tace shi, shi ake nema ranar tafsiri da mauludi, shi ake nema a gidan rediyo. Sana'a ce mai ci.

Shugabannin makarantu su fara da abin da aljihu zai ɗauka: makirfo mai kyau guda biyu, abin sauraro na kunne ga kowane rukuni, da ɗan kuɗin gayyato makaɗin unguwa ya zo aji ya zauna da yara.