Daren da Na Gasa Baba da Iyakwandishan

Ni na dage sai an saka wa Baba iyakwandishan a ɗakinsa, kuma hujjata mai ƙarfi ce. Tsoho ba ya gumi kamar yaro, ba ya kuma jin ƙishirwa da wuri, sai ruwan jikinsa ya yi ƙasa bai sani ba. Ga shi Baba yana shan magungunan hawan jini, har da mai sa yawan fitsari. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini, awon jini ya sauka, mutum ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi. Duk na zayyana wa 'yan'uwa wannan kamar wanda ya yi karatun likita, aka haɗa kuɗi, mai gyara ya zo ya kafa na'ura: rabi a bangon ɗaki, rabi a waje, bututun tagulla biyu da tiyon ruwa sun ratsa bango. Ya kunna, sanyi ya sauko, ya miƙo min rimot da ɗan littafin bayani. Rimot na riƙe. Littafin kuwa na tokare ƙafar tebur da shi, don dama teburin yana rawa.

Da yamma na zauna in saita wa Baba ita yadda ya kamata. A jikin rimot akwai maɓallin da ke sauya aikin na'ura, duk dannawa ɗaya sai wata alama ta fito a ɗan gilashinsa. Su biyar ne: wata kamar tauraro mai reshe shida, ɗigon ruwa, fanka, rana, da wata mai kibau suna zagaye. Na dubi tauraron nan na ce wannan ta lokacin sanyi ce. Na dubi rana na ce yauwa, ga ta lokacin zafi, ai rana ce ke damunmu. Wallahi har yanzu ina ganin tunanin nan bai da aibi, masu ƙera na'urar ne suka yi abin a baibai. Su alamar ba ta nuna yanayin da kake ciki, tana nuna abin da na'urar za ta ba ka. Tauraron hoton ƙanƙara ne, shi ne sanyi. Ɗigon ruwa na tsotse laimar ɗaki ne. Rana kuwa, to, rana ce.

Da na zaɓi rana sai na'urar ta yi tsit. Lamba tana kan 24, ɗaki kuwa ma'aunin bango ya nuna digiri 33. Na ce ƙarfi ya yi mata kaɗan, na yi ta danna kibiyar sama har ta tsaya a 30, ta ƙi wucewa. A zatona lambar kamar ta murɗin rediyo ce, ƙari ya fi ragi. Ashe lambar zafin da kake so ɗaki ya kai ne, kuma tunda na ce mata ta ɗumama ɗaki zuwa 30 alhali ɗakin yana 33, ba ta da aikin yi. Na ce wa Baba sabuwa ce, sai ta ɗan saba da gidan. Na rufe tagogi ruf don kada sanyi ya tsere, na kwashe tsohuwar fankarsa na kai ɗakina, na ce, "Baba, yau za ku yi barcin da ba ku taɓa yi ba." Gaskiya na faɗa.

Can tsakar dare gari ya ɗan huce, ɗakin ya sauka ƙasa da 30, na'ura ta ga lokacinta ya yi. Irin tamu mai aiki biyu ce. A cikin rabin da ke waje akwai wani bawul da ke juya hanyar gas, sai abin ya koma baya: maimakon ta kwashe zafin ɗaki ta zubar waje, sai ta tattaro zafin waje ta hura cikin ɗaki. Wajen ƙarfe uku da rabi na ji ana dukan ƙofa da sanda. Na tarar da Baba zaune bakin gado, riga ta manne masa, yana fifita da kwalin magani.

"Kai, me na yi maka?"

"Baba, ku yi haƙuri, ƙila gas ɗin ne."

"Gas ɗin da aka zuba jiya? Sa hannunka nan."

Na sa hannu a bakin na'urar, iska ce ke fitowa kamar numfashin mai zazzaɓi. Na zare ta daga soket, na buɗe tagogi, na dawo da fanka a guje, na ba shi ruwa ya sha a hankali, na jiƙa tawul na sa masa a wuya da hammata. Wannan kaɗai na yi daidai a daren nan, ina so a rubuta.

Sai ya ce kansa na juyawa. Na ɗauko na'urar awon jini, ita ma sabuwa ce, tun da aka saye ta ba a fitar da ita daga kwali ba. Na naɗa masa ɗamarar a kan hannun riga, tiyon yana kallon kafaɗa, hannun yana lilo a gefen gado, shi kuma bai daina lissafa min laifuffukana tun na ƙuruciya ba. Na farko ta nuna alamar kuskure. Na biyu ta nuna 171 a kan 98. Cikina ya ɗuri ruwa. Na kira Yaya ta bidiyo, ita ce ta yi jinyar surukarta shekara huɗu, ta san kan abin.

Ta dubi hoton ta ce, "Wa ya ɗaura masa wannan?" Na ce wani ne. Ta ce in cire. Ta sa na zaunar da shi a kujera mai jingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba harɗewa. Damtse tsirara, ɗamara ta zauna kamar santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyo yana gangarowa ta cikin hannun zuwa tafi, a ɗaure yadda yatsu biyu za su shiga da ƙyar. Hannu a kan tebur, daidai da zuciya, don in ya yi ƙasa awon yakan hau. Sannan ya zauna shiru minti biyar, saboda magana ma tana ɗaga shi. A nan aka sha wuya. Minti biyar ɗin nan Baba bai ce uffan ba, amma idonsa ya ƙarasa abin da baki ya fara. Muka auna sau biyu, tsakani minti ɗaya, ya tsaya wajen 132 a kan 78. Yaya ta ce in rubuta da lokacin a nuna wa likitansa, kada kuma in kuskura in ƙara ko in rage masa magani da kaina, in kuwa ya rikice ko ya daina gane mutane to asibiti kai tsaye.

Tana cikin magana 'yarta mai shekara tara ta leƙo, na ɗaga rimot ina nuna musu cewa an sayar mana da jabu. Yarinya ta ce, "Kawu, ai ka sa ta a rana."

Na koma falo don kada Baba ya ji sauran, na danna har ƙanƙara ta fito, na dawo na mayar da soket. Iska mai ɗumi ta sake fitowa, don na'urar tana tuna inda aka bar ta. Gilashin rimot abin da rimot ya sani yake nunawa, ba abin da na'ura ta ji ba. Da wani haske da ido ba ya gani yake aika saƙo, hasken kuma ba ya ratsa bango. Dole ka nuna ta kai tsaye ka ji ta yi ƙara "tit". In kana shakkar batir, ka dubi kan rimot ta kyamarar waya ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa. Na nuna, ta amsa, sai kuma shiru. Na kashe na kunna. Shiru. Na sake. Ashe kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, tana jiran kamar minti uku kafin ta tashi, don matsin gas ya daidaita kada ta ƙone, ni kuma duk kashewa ɗaya ina mayar da ƙidayar farko. Sai da Baba ya ce, "Ajiye abin nan ka sa hannunka a aljihu," sannan sanyi ya sauko.

Don in rama masa abin da ya sha na kai ta 16. Wannan ma banza ne ga wanda zai kwana, ɗaki dai zai yi ta sanyi har ya wuce misali. Da gari ya waye na same shi cikin bargo biyu, gwiwa ta riƙe, maƙogwaro ya bushe. Yanzu tana kan 26, fuka-fukan suna kallon sama don kada iska ta doke shi, ga gorar ruwa a gefen gado. Duk mako biyu ina zare rariyar ƙurar in wanke in shanya a inuwa, tun ranar da na ga ruwa na ɗiga ta bango na kuma gano tiyon ya toshe.

Littafin bayani na ciro shi daga ƙarƙashin tebur, shafi na shida ne ke da alamomin, da hotuna manya-manya. Rimot kuwa ya bar hannuna. Baba ya manna filasta a kan maɓallin sauya aiki, yana kwana da shi ƙarƙashin matashi. In ana bukatar a taɓa wani abu, jikarsa yake sa a kira masa a waya.