Annabcin Ishaya na masu jira ne irinmu

A Hamburg inda nake zaune, a watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Cikin wannan duhu Jamusawa ke yin Adbent, Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu, kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir ɗaya. A garin nan ma al'adar kyandir ɗin ta samo asali: wani malamin coci, Johann Hinrich Wichern, ya fara ta a 1839 domin yaran talakawa da yake riƙo, waɗanda suka ishe shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo. Yau kujerun coci da yawa ba kowa, kasuwar Kirsimeti kuwa ba masaka tsinke, amma 'yan kaɗan da ke zuwa ana karanta musu annabawa mako bayan mako.

A gida fa? Da an shigar da amfanin gona, hankali ya koma kan tela, ankon zumuntar mata, koyon waƙa da kuɗin motar zuwa ƙauye. Ina kewar duk wannan ƙwarai. Sai dai a yawancin ikilisiyoyin da na sani, ba a jin muryar Ishaya sai daren waƙoƙin Kirsimeti, aya ɗaya, a wuce.

Abin yana damuna, don mu ne muka fi kama da mutanen da aka yi wa maganar. Ishaya bai yi annabci cikin kwanciyar hankali ba. Zamanin Sarki Ahaz ne, fiye da shekara 700 kafin haihuwar Yesu, sojojin Assuriya sun cinye yankin Zabaluna da Naftali sun kwashe mutane. Su aka yi wa alkawarin da ke Ishaya sura 9, na babban haske da yaron da za a kira Sarkin Salama. Wanda ya binne nasa bayan bam ɗin Madalla ranar Kirsimetin 2011, ko bayan harin jajibirin Kirsimeti a Bokkos da Barkin Ladi a 2023, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan sura. Haka uwar da har yau take jiran 'yarta ta dawo daga daji.

Shi ya sa nake roƙon limamanmu da fastocinmu: kafin a kai ga makiyaya da mala'iku, a ba mu makonni huɗu cikin Ishaya 7 zuwa 11 da Mika 5, a kuma ba masu makoki wuri su yi kukansu a gaban Allah.