Uwar ɗiya, ke ma ki zuba ma kanki abinci tun da zafinshi

Assalamu alaikum ƙannena masu goyo da masu ɗiya ƙanana, maganar ga ta daɗe tana ci min rai. Watan jiya wata maƙwabciyata nan Mabera ta yanke jiki ta faɗi bakin murhu da ludayi a hannunta, ɗiyanta biyar, na goye bai cika wata takwas ba. Da munka kai ta asibiti anka gwada hawan jininta, ya wuce 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, ga ƙarancin jini a kai. Nas ta tambaye ta yaushe rabonki da awo, wai tun cikin na uku. Me kika ci yau, wai ƙanzo da ruwan shayin da yara sunka rage. Ƙarfe biyu na rana fa, cikin zafin Sakkwato da ke haura digiri 40, wallahi sai da na yi hawaye.

Kuma kada wata ta ce talauci ne, don buhun shinkafa na nan cikin ɗakinta. Sabo ne munka gada. Ki tashi tun kafin asuba, ki ɗora ruwa, ki shirya 'yan boko, ki wanke kashi, ki yi shara, la'asar ki kora su islamiyya, ki raba tuwo ki zuba ma maigida tsoka ki zuba ma yara, ke kuma sai abin da ya maƙale a gindin tukunya, dare ya yi na goye ya hana ki runtsawa. Shekara nawa jiki zai ɗauki haka? Shi ya sa kike ganin kanki kina tsawa a kan ƙaramin abu, yaro ya zubda ruwa ki kai mai duka daga baya ki zauna kina kuka. Wannan gajiya ce ta taru ta yi miki yawa, kada ki ɗauka mugun hali ne gare ki.

Mun mayar da haƙuri kamar shi ne ki ga rami ki faɗa. To ku duba Baƙara aya ta 233, wadda ta yi maganar shayarwa shekara biyu, cikinta Allah ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Cikin Bukhari akwai Nana Zainab da ta ɗaura igiya a masallaci tana kamawa in ta gaji da tsayuwar sallah, Annabi (SAW) ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah lokacin da yake da kuzari, in ya gaji ya zauna. Sallah ce fa anka ce in kin gaji ki zauna, ina ga wanke-wanke?

Mu da ke ƙasar Nana Asma'u ma bai kamata a gaya muna ba. Matan 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da ta kafa, daga ƙauyuka suke tasowa bayan jajinsu, wato jagororinsu mata, su zo ɗaukar karatu, ba a ce neman abin da zai gyara ran mace son kai ne ba.

Don haka ƙanwata ki fara daga ƙananan abubuwa. Ki zuba naki kwanon tare da na kowa ki ci da zafi, mai shayarwa na buƙatar abinci fiye da yadda ta saba. In na goye ya yi barcin rana ki bar kwanonin nan ki kwanta, ba inda za su. Yaro ɗan shekara bakwai na iya share tsakar gida ya wanke kofinshi, namiji ne ko mace, kuma ki daina cewa ba su iya ba ki karɓe, haka ke ma kika fara. Ba kowane biki da suna ne sai kin je ba, ki aika da gudummuwarki ki kira waya ya isa. Maigida kuma ki buɗe baki ki ce Malam na gaji, yau ka riƙe min su awa ɗaya, da yawansu ba su sani ba saboda kullum sun shigo sai mu ce lafiya lau. Ku zauna ku yi maganar tazarar haihuwa, likitoci na ba da shawarar a bar jiki ya huta shekara biyu kafin wani ciki.

Mai jego kuma don Allah, in kika ga ƙafa na kumbura, kina haki ko kin kwanta numfashi na sarƙewa, kada a ce miki sanyi ne a ƙara ruwan zafi da kunun kanwa, zuciya ce ke iya gazawa bayan haihuwa, ku tafi asibiti ranar. Haka in baƙin ciki ya zauna miki ya wuce sati biyu, ba barci, ba sha'awar komai, har jaririn ba ki son ɗauka, cuta ce mai magani, ki gaya ma likita.

Maƙwabciyar tawa an sallamo ta tana shan magani. Inna tata ta zo daga Wamakko ta yi sati biyu, kuma jiya da na leƙa na iske babban ɗanta na wankin kayan makarantar ƙannenshi, ita tana zaune gindin dogon yaro tana shan fura.