Ku daina yi wa takobin Japan ƙarya, gaskiyarsa ma ta isa

Jiya wani ya turo bidiyo a guruf ɗinmu wai katana, wato takobin Japan, na raba bindiga gida biyu, mutane sai mamaki suke. Ni dariya ma ta kama ni. Abin da ya kamata ya burge mu ba shi muke kallo ba.

Mutanen Japan fa ba su da tama mai kyau. Baƙin yashi mai ƙarfe suke tarawa su zuba a wani murhun yumɓu da suke kira tatara, kwana uku dare da rana ana zuba yashi ana zuba gawayi ana zuga, a ƙarshe a fasa murhun gaba ɗaya a ciro dunƙulen ƙarfe. Mai kyan da ake zaɓa daga cikinsa sunansa tamahagane (ka ji "tama" a ciki ko? dacewa ce kawai, ba dangin tamarmu ba ce). Ƙarfen da datti yake fitowa, nan tauri can laushi, shi ya sa maƙeri zai yi ta dukansa da masaba yana ninkewa. Ba tsafi ba ne, dole ce ta sa. Masu cewa sau dubu ake ninkewa kuma su yi lissafi, ninki 15 kacal zai ba ka shimfiɗa 32,768.

Inda nake cire musu hula shi ne wajen tsomawa a ruwa. Maƙeri zai shafe takobin da yumɓu, mai kauri a bayansa, ɗan siriri a bakinsa, ya duhunta maƙerar don ya ga launin ƙarfen sosai, ba na'urar auna zafi ba komai, ido ne kawai. Da ya tsoma, bakin zai huce nan take ya yi tauri, bayan ya huce a hankali ya riƙe laushinsa, a nan takobin ke ƙara lanƙwasa, a nan kuma wannan zanen mai kama da igiyar ruwa, hamon, ke fitowa. In ido ya kuskure bakin ya tsage, aikin makonni ya tafi.

Masamune, shahararren maƙerin takobi wanda ya yi aiki a garin Kamakura wajen shekarar 1300, yawancin takubbansa ko suna bai sa musu ba, daga aikin ake gane hannunsa. Wanda ya fi shahara, Honjo Masamune na gidan Tokugawa da suka taɓa mulkin Japan, an miƙa shi ofishin 'yan sanda a Tokyo a Disambar 1945 lokacin da sojojin Amurka ke karɓe makamai. Har yau ba labarinsa.

Ni tsorona kar wani ya tsince shi a sito, ya zare mariƙin ya ga baƙar tsatsa a gindin ƙarfen, ya ɗauko sanfefa wai zai gyara. Masana da wannan tsatsar suke gane shekarun takobi, ba a taɓa ta ko kaɗan.