Faɗaɗa rim ɗin tsohuwar mota: Ingila ta yi shiru, Jamus ta ce sai da takarda

Masu son tsofaffin motoci a Turai suna da wani gyara da ba ya fita yayi. Za a ɗauki rim na ƙarfe, irin wanda ya zo da Bosuwaja ko Golf ta farko ko Ford Escort, a ɗora shi kan injin juyi a yanka shi zagaye, a sa zoben ƙarfe mai faɗin inci ɗaya ko biyu a tsakani, sannan a yi walda. Rim ya yi faɗi, tsakiyarsa ta lotsa, taya mai kauri ta samu wurin zama, fuskar motar kuma tana nan yadda kamfani ya yi ta. Yana da kyau, wannan ba na musu.

Na zauna a Ingila, yanzu ina Jamus, kuma yadda ƙasashen biyu suka ɗauki wannan aiki kamar ba nahiya ɗaya suke ba.

A Ingila babu dokar da ta ambaci faɗaɗa rim ta haramta shi. Mai gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, zai kayar da mota a gwajin idan ya ga tsagewa ko lalatacciyar walda a jikin rim. Idan bai gani ba, sai ka wuce. To daga watan Mayun 2018, motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne ma ta je gwajin, muddin ba a yi mata gagarumin sauyi ba. Ke nan motocin da aka fi yi wa wannan yanka su ne waɗanda babu mai leƙa ƙarƙashinsu. Abin da ya rage sai dokar 1986 da ta ce kada wani sashe na mota ya zama haɗari ga jama'a, da kuma kamfanin inshora, wanda zai iya juya maka baya ranar tsautsayi idan ka ɓoye masa gyaran.

Jamus ba ta wasa da wannan. Sashe na 19 na dokar StVZO, wato dokar ba motoci izinin hawa titi, ya ce gyaran da zai iya jefa mutane cikin haɗari yana soke izinin hawa titi na motar. Sai ka kai ta wurin masu bincike irin su TÜV, kuma ba kyan walda za su yaba ba, takardar shaidar ƙarfin rim ɗin za su nema. Irin wannan shaida daga gwaji take fitowa: a ɗaure rim a inji, a yi ta juya shi ana lanƙwasa shi da nauyi, a ga ko zai tsage. Wanda ya yi waldarsa a garejin bayan gida ba shi da wannan takarda. In kuma motar tana da lambar H, wadda ake ba motocin tarihi da suka kai shekara 30, sai ka ƙara nuna cewa gyaran ya dace da zamaninta.

Da farko irin wannan tsanani yakan ba mutum haushi, musamman mu da muka taso inda babu mai tambayar mai walda takarda. Amma ni dai ina bayan Jamusawa. Ido ba mudu ba ne. Walda za ta iya yin sumul a waje alhali ba ta ratsa ƙarfen ba, ga fenti ya rufe komai. Rim kuma ba madubi ba ne da zai faɗi ka tsaya ka ɗauka. Duk zagaye ɗaya nauyin mota yana danne wannan ɗinkin ya sake shi. Kuskuren milimita kaɗan ya isa sitiyari ya riƙa rawa a hannunka. Idan aka tura faɗin duk ta waje, boris ya ɗauki wahalar da ba a yi shi dominta ba, taya ta fara gogar bodi a kwana. Ƙarfen kansa ya shekara 50 yana shan gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi.

Akwai ƙwararru a Ingila da aikinsu ba shi da makusa, suna auna karkata, suna gwada yoyon iska. Matsalar mai saye ce: ranar da motar ta sauya hannu, ba shi da hanyar bambance aikinsu da na ɗan koyo. Kuɗin gwajin Jamus yana da zafi, shi ya sa da yawa a nan suke haƙura su sayi sabon rim mai faɗi wanda ya zo da takardarsa, su ajiye na asali a ɗaki don ranar sayar da motar.