Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: nasiha ga ƙannenmu masu rubuta manhaja

Jiya da la'asar na shiga shagon wani Alhaji a babbar kasuwar Maraɗi, na tarar ya dafe kai a gaban kwamfuta, yaransa suna ta tonon tsofaffin takardu. Wani matashi ne ya karɓi jika ɗari biyu ya haɗa masa manhajar lissafi, ranar da aka ɗauke wuta kuwa bashin wata uku ya ɓace. Da aka kira yaron, ya kasa bayanin ko layi ɗaya na manhajar, domin daga ChatGPT, wato manhajar nan da ke rubuta wa mutum amsar abin da ya tambaye ta, ya kwafo komai.

Ƙannena, ba na musun cewa kowa zai iya koyon wannan aiki. Python, harshen rubuta manhaja da Guido van Rossum ya fitar a 1991, kyauta ne, darussansa sun cika YouTube, kuma ba lallai sai ka zauna a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kafin ka fara ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaro ya kalli bidiyo mako biyu, ya buga kati ya kira kansa injiniya, ya karɓi kuɗin mutane a kan abin da bai fahimta ba. Wannan cin amana ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: a 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata a manhaja. Idan ƙwararrun Turai sun yi wannan tuntuɓe, ina ga wanda bai taɓa gwada aikinsa ba kafin ya miƙa?

Lokacin da ya kamata ku ɓata a kan koyo, a fada yake ƙarewa, tsakanin shayi da TikTok da cacar ƙwallo. Ku rage gaggawa, ku nemi na gaba ku durƙusa.

A da, yaron tela yakan shekara yana sa maɓalli da guga kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa almakashi, kuma ko bayan an yaye shi yana jin nauyin ya yanka shaddar mutum. Yau wa ke jin wannan nauyi? Alhaji dai na baro shi ya aika a sayo masa sabon littafi da biro.